Rigar da Ban Wanke Ba

Juma'a, 6 ga wata, bayan la'asar

Matar can ta asibiti ce ta ba ni littafin nan. Wai duk sa'ad da na ji zan yi ihu, in rubuta. Na ce mata aji uku na yi, rubutuna kamar kaza ta yi tono. Ta ce ba mai dubawa. To tunda ba mai dubawa, ga gaskiya: so nake ya mutu. Ba irin mutuwar da za a ce ya cika da kyau ba. Ya daɗe yana yi.

Ni mai wanki da guga ce. Shekara arba'in hannuna cikin ruwa, tun maigidana na da rai. Jikata kaɗai ta rage min a gidan nan. Sunana aka sa mata, shi ya sa nake ce mata Takwara. Shekararta ashirin da biyu. Uwarta ta rasu, ubanta, ɗana, yana can yana tuƙa babbar mota, sai ya yi wata biyu bai leƙo ba. Ta ce kar a gaya masa. Ban gaya masa ba.

Ran Litinin ta dawo daga shago da takalmi ƙafa ɗaya. Iyakar abin da zan rubuta a kan Litinin ke nan.

Ran Talata na kai ta asibiti. Suka ba ta ƙwayoyi, kullum ɗaya har kwana ashirin da takwas, suka ce gara da muka zo da wuri. Daga nan suka tura mu wani ɗaki a bayan asibitin, wurin matar nan da ke zama da waɗanda aka yi wa irin wannan. Aikinta wai sauraro. Ni dai Malama Shiru nake ce mata.

Ƙwaya ta huɗu yau. Ta sha.

Asabar, 7 ga wata, da safe

Abincin jiya yana nan a bakin ƙofarta yadda na ajiye shi.

Lahadi, 8 ga wata, da hantsi

Ba zan rubuta sunansa ba, kar ya ɓata min littafi. Mai Turare. Yana da shagon fenti a bakin titi. Shekara tara ina wanke masa kaya, turarensa ko an ɗauraye sau uku yana nan. Ni da bakina na ce masa, ranka ya daɗe, ga jikata ta gama makaranta tana zaune, ko za a taimaka. Ni. Da bakina. Har sitati na ƙara wa kayansa ranar don murna.

Akwai abin da ban rubuta ba ran Juma'a. A asibiti nas ta ɗauko wata jakar takarda ta buɗe bakinta, ta ce, Mama, ina kayan da ta dawo da su? Na ce na wanke. Ta ce kin wanke? Na ce na tafasa ruwa, na wanke sau biyu, na goge, na ninke. Ita ma na haɗa mata ruwan wanka. Nas ɗin ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni. Ta mayar da jakar cikin durowa a hankali, ta ce da shaida ce in ana so a kai ƙara. Takwara ta juya fuskarta bango. Tun ranar ba ta kalle ni ba.

Ina zan sani? Abin da na sani shi ne in abu ya ɓaci a wanke.

Ran Alhamis matarsa ta kawo ƙunshin wanki kamar kullum. Na karɓa, don Takwara ta ce kar kowa ya sani, in na ƙi kuwa za a tambayi dalili. Ina kwance ƙunshin sai ga rigarsa ruwan toka, aljihu a yage, maɓalli biyu babu, jini ya bushe a wuya da hannun dama. Ba a ɓoye wa mai wanki komai. Yarinyata ta yi faɗa. Sauran kayan na wanke. Wannan hannuna ya ƙi. Na naɗe ta a tsohuwar jarida na cusa ƙarƙashin gado.

Talata, 10 ga wata, bayan azahar

Mun je wurin Malama Shiru. Bari in faɗi ɗakin. Kujera biyu, butar ruwa, kofi biyu, kwalin takardar share hawaye, tukunyar wani ganye da ke neman ruwa. Shi ke nan. Ba allura, ba magani, ba ko sanda.

Matar nan komai sai ta tambaya. Wace kujera kike so? In rufe ƙofa ko in bar ta? Kakarki ta zauna ko ta jira a waje? Kamar mai shirin cin bashi. Takwara ta zaɓi kujerar kusa da ƙofa, ta ce a bar ta a buɗe kaɗan, ta ce in jira a waje. Ni. Da na goya ta.

Na zauna a benci na kasa kunne. Awa guda ban ji komai ba sai ƙarar fanka. Da suka fito na ce, Malama, yau me aka yi? Ta ce mun zauna. Na ce zama kuwa muna da shi a gida, har da tabarma. Ta yi dariya, ta ce, Mama, shiru ma magana ce. Na ce shi wancan ma shiru muke masa, ga shi can yana sayar da fenti.

Ƙwaya ta takwas. Tana sa ta tashin zuciya. Ta sha.

Alhamis, 12 ga wata, da hantsi

Matarsa ta zo. Mace ce mai sanyin hali, ba ta san komai ba, ko kuma ta iya rashin sani.

Ta ce, Mama, ina jikar taki, kwana biyu ba ta zuwa shago? Na ce zazzaɓi. Ta ce ayya, Allah ya sawwaƙe, maigidan ma ya ce yaran yanzu ba sa son aiki. Ina riƙe da dutsen guga, gawayi ya yi ja a ciki. Na ajiye shi a ƙasa don hannuna ya fara nasa tunanin.

Ta ƙirga kaya, ta ce saura wata riga ruwan toka, yana ta tambayarta, har faɗa ya yi min don na haɗa ta cikin wanki. Na ce tabon ya ƙi fita, na jiƙa ta. Ta ce ai ke ba tabon da ke gagarar ki. Na ce akwai.

Mutum mai riga talatin yana cigiyar guda ɗaya. To ba zai gan ta ba. Takwara ma ban gaya mata ba. Ta yaya zan nuna mata wannan rigar?

Juma'a, 13 ga wata, da yamma

An ce rama cuta ga macuci ibada ne. Ni kuwa ban taɓa wasa da ibada ba.

Asabar, 14 ga wata, bayan azahar

Yau ranar iyaye ce a ɗakin Malama Shiru. Mu shida, duk mata sai wani dattijo da bai ɗago kai ba har aka tashi. Ba wanda ya tambayi sunan wani. Ta koya mana wai in zuciya ta taso a ja numfashi a ƙirga huɗu, a saki a ƙirga huɗu, sannan a faɗi abu biyar da ido ke gani. Na ce ni in na rufe ido abu ɗaya nake gani, wuyansa. Wata mai tallar kayan miya ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, sai da aka miƙa mata kwalin nan.

Da aka watse na tsaya. Na ce, Malama, me yarinyar nan take gaya miki? Ta ce ba zan faɗa ba. Na ce ni ce kakarta. Ta ce na sani, Mama, maganarta ce, in ta so za ta ba ki da kanta. Na ce to a kai shi ƙara mana. Ta ce ranar da ta ce a kai, ni zan riƙe mata jaka har ofishin 'yan sanda, ranar da ba ta ce ba, ba mai kai ta. Ta ce, an riga an yi mata abu ba da yardarta ba, kar mu zama na biyu.

Na ce kina haɗa ni da shi? Ta ce a'a. Ta yi shirunta. Matar nan shirunta ya fi zagi ciwo.

Lahadi, 15 ga wata, da safe

Ta ci rabin burodi. Ta wanke kofinta da kanta ta kife. Na yi kamar ban gani ba, kar in ɓata.

Litinin, 16 ga wata, bayan la'asar

Na gan shi. Ina dawowa daga sayen gawayi ya tsayar da mota, ya sauke gilashi, turaren ya bugo ni. Akwai ƙarce a wuyansa, ya fara warkewa. Ya ce, Mama, ina gajiya, ya mai jiki? Ya ce a gaya mata aikinta yana nan yana jiranta. Ya ce, af, rigar nan tawa, ko ba a wanke ba a ba ni.

Na ce sai Alhamis, ranka ya daɗe. Har da ranka ya daɗe. Baki ya saba.

Ban wuce gida ba. Na bi ta wurin masu haɗa sabulu na sayi soda, irin wadda in ta taɓa fata take ci. Mai shagon ya ce, Mama, sana'a za a canja? Na ce ƙari dai.

Ba rigar sama zan taɓa ba. Na ciki. Singileti da gajeren wando, shida shida, suna nan cikin ƙunshin makon nan. Farare tas zan miƙa su, a goge, a ninke. Sai ya yi gumi zai san mai wanki ma mutum ce. In sun zo kama ni su zo, shekarata sittin da bakwai, me ya rage?

Talata, 17 ga wata, bayan azahar

Bayan Malama Shiru ta gama da Takwara sai ta ce in shigo. Ta tambaye ni kujera. Na ce duk ɗaya, ba kwana zan yi ba.

Ta ce, Mama, zan tambaye ki kai tsaye, akwai abin da kike shirin yi wa mutumin nan? Na ce da wane ƙarfin? Ta kalli hannuna. Na saka shi cikin mayafi. Ta ce, in aka tafi da ke, wa zai ajiye mata abinci a bakin ƙofa? Na ce ai ba ta ci. Ta ce amma tana jin ƙarar kwanon.

Sai ta ce, ranar da kika wanke kayan nan, wa ya koya miki haka? Na ce ba wanda ya koya min. Fanka na ta juyawa. Na ce uwata ma haka ta yi min, ta tafasa ruwa, ba ta tambaye ni komai ba, washegari ta ce in tashi in yi shara. Ban san ya aka yi maganar ta fito ba. Shekara hamsin da biyu ko maigidana bai ji ta ba.

Ba zan rubuta wannan ba. Na riga na rubuta. To a bar shi.

Ganyen nata dai na zuba masa ruwa kafin in fito. Mutum ya zauna yana sauraron duniya, shukarsa na mutuwa.

Laraba, 18 ga wata, da hantsi

Na yi. Na jiƙa su a soda, suna kan igiya ta ƙarshe, can gefen katanga. Abu biyar da nake gani: singileti, singileti, singileti, wando, baho.

Laraba, bayan magariba



Na shiga wanka da la'asar sai hadari ya taso. Ina ciki na ji ruwa ya sauko, na ji takun gudu a tsakar gida. Takwara ce. Kwana goma sha shida ba ta taka tsakar gidan nan don kanta ba, yau ta fito don kar wankin kakarta ya jiƙe. Tun tana 'yar shekara bakwai aikinta ne, in hadari ya taso ita ke kwashe shanya.

Ta kwashe duka. Har na igiyar ƙarshe. Ta rungumo su a hannu, ruwa na dukansu.

Na fito da sabulu a ido ina ihu, yar, yar da su! Ta yar. Hannayenta daga wuyan hannu zuwa gwiwa sun yi ja. Na ja ta bakin famfo na sakar mata ruwa, na riƙe ta a wurin har na daina jin ƙafafuna. Tana kallon kayan a ƙasa. Ruwan sama ya taso da turaren.

Ta ce, Kaka, kayan waye wannan?

Na ci gaba da sakar mata ruwa.

Ta ce, har yanzu wanki kike masa?

Na ce ba wanki ba ne, soda ce, so nake ta ci namansa. Ta kalle ni. Karo na farko tun asibiti. Ta ce, to ga shi ta ci nawa.

An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Ni nawa a tsakar gidana na gina shi.

Alhamis, 19 ga wata, da safe

Mun je asibiti, an wanke, an naɗe. Nas ta ce zai warke, wataƙila ya bar tabo kaɗan a hagu. Ta tambayi yadda aka yi. Takwara ta ce kayan wanki ne. Ba ta ƙara ba.

Matarsa ta zo ta ajiye sabon ƙunshi, na ce na baya ruwa ya ɓata su, sai wani makon. Farare goma sha biyun na tona rami na binne.

Alhamis, bayan la'asar

Takwara ta fito ta zauna a kan turmi ina guga. Ta ce, Kaka, kin san abin da ya fi ba ni haushi? Na ce kayan da na wanke. Ta ce a'a, da farko shi ne, yanzu ba shi ba ne. Ta ce kowa yana da abin da zai yi da abin da ya same ni. Shi yana so a manta, ke kina so ki kashe, ba wanda ya ce ke me kike so, sai matar da kike wa ba'a.

Na ce to me kike so?

Ta ce ban sani ba tukuna. Ta ce ki iya jira?

Na ce ni da nake jiran rana ta busar da bargo.

Ta ɗan yi wani abu da baki. Ba dariya ba ce, amma 'yar'uwarta ce. Ta ce, tsohuwa mai soda.

Asabar, 21 ga wata, da yamma

Har yanzu so nake ya mutu. Na dai mayar da ragowar sodar.

Talata, 24 ga wata, bayan azahar

Yau Takwara ta ce in shigo tare da ita. Aka ƙaro kujera.

Na faɗi maganar soda da bakina. Malama Shiru ba ta yi salati ba, ba ta ce na gaya miki ba. Ta ce saura akwai a gidan? Na ce babu. Ta ce in zuciyar ta sake tasowa ki zo nan kafin ki je kasuwa. Na ce to.

Sai na yi irin nata. Na juya na ce, Takwara, akwai wani abu nasa a wurina, na ranar. In faɗa ko in bari? Ta daɗe tana kallon ƙofa. Ta ce faɗi. Na faɗi rigar, aljihun, maɓallan, jinin, da yadda yake cigiyarta. Malama ta ce kin wanke? Na ce ko ruwa ba ta gani ba, tana cikin jarida. Ta ce kar a sa ta a leda, kar a ƙara taɓa ta. Ta ce wa Takwara, ba zan yi miki alkawarin za ta isa ba, ba kuma zan ce hanyar da sauƙi ba, za a yi miki tambayoyi masu zafi. Amma abu ne a hannunki. Ko ki kai, ko ki ajiye, ko ki ƙone.

Takwara ta ce, maɓallan ni na tsinke su. Ta ce ɗaya yana cikin jakata, a hannuna na same shi da na iso gida.

Ba ta ce za ta kai ba. Na cije harshena har gida.

Alhamis, 26 ga wata, da hantsi

Na tambayi Takwara tukuna, ta ce in yi.

Matarsa ta zo. Na miƙa mata ƙunshin makon jiya yadda ta kawo shi, ƙullin ma ban kwance ba. Ta ce, Mama, ba a wanke ba? Na ce ba a wanke ba. Ta ce lafiya? Na ce ki kai masa, ki ce na ce dattinsa ya fi ƙarfin sabuluna. Ta ce ruwan tokar fa? Na ce tana inda take.

Ta tsaya tana kallon ƙofar ɗakin Takwara. Ta ɗauki ƙunshin ta fita ba sallama.

Shekara arba'in ban taɓa mayar wa mutum kayansa da datti ba. Ashe da daɗi.

Lahadi, 29 ga wata, bayan la'asar

Ta kira ubanta da kanta. Na fita waje na ba su wuri. Ya ce yana hanya. Ta ce masa in zai zo da faɗa ya tsaya can, tsohuwa ta riga ta yi na kowa.

Litinin, 30 ga wata, da yamma

Ƙwaya ta ashirin da takwas. Ta haɗiye, ta jefa kwalbar a kwandon shara, ta ce, Kaka, ɗauko jaridar nan.

Malama Shiru ta same mu a bakin ofishin 'yan sanda da jakar takarda, irin ta ranar. Wannan karon an samu abin sawa a ciki. Takwara ta riƙe ta da hannunta mai bandeji. Wata 'yar sanda ta fito ta ce su shigo. Takwara ta juyo ta ce, ke za ki zauna a nan, ba za ki yi magana ba, ba za ki zagi kowa ba. Na ce ko kaɗan? Ta ce ko kaɗan.

Awa uku na yi a benci. Na ja numfashi na ƙirga huɗu ya fi sau ɗari. Ban san abin da za su yi masa ba. Wataƙila su kama shi, wataƙila turarensa ya bugar da su. Ban yafe ba, kar wanda ya ce na yafe.

Da ta fito idonta ya kumbura. Ta ce yunwa nake ji. Na ce me za ki ci? Ta ce tsaya in yi tunani.

Na tsaya.